Sanyaya Kwamfuta da Ruwa: Abin Dubawa Kafin Ka Kwance Lalita

Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin dabbobi da ta takardun kan iyaka, saboda wata tambaya da ta zo mana har sau uku cikin wata guda, daga mutane daban-daban.

Na farko wani dattijo ne makiyayi. Ya ce ya sayar da bijimai biyu a kasuwar Maigatari don ya buɗe wa ɗansa shago, inda yaron zai riƙa tace bidiyon biki da na suna, yana kuma tura wa mutane karatu da finafinai a waya. Da suka je wurin mai haɗa kwamfuta, sai ya ce musu da irin zafin garinmu lalle a sa mata na'urar sanyaya ta ruwa, kuma a sayi irin wadda ake iya ƙara mata kaya nan gaba. Dattijo ya ce shi dai iyakar saninsa ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna, yaya za a yi a zuba wa kuɗin bijimai biyu ruwa? Sauran biyun 'yan kasuwa ne masu ɗauko kaya daga Kwatano da Lome, suna so su san wane iri ya kamata su sa cikin kayansu.

To Baba, da kai nake, da kuma duk wanda zai fitar da kuɗi ya sayi abin da ba shi zai yi aiki da shi ba. Ba sai ka iya kwamfuta ba kafin ka gane wannan magana. In ka taɓa shayar da garke, ko ka taɓa tsayawa gefen hanya direba na jiran lagireto ya huce, to ka riga ka san rabinta.

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan abu da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Faɗinsa kamar santimita 4 ne kowane gefe, bai fi akwatin ashana ba. Duk wutar da ya ci, zafi take komawa. Ƙananan kwamfutocin ofis, irin na gwanjo da ake jibgewa a kasuwa, furosesarsu ba ta cika wuce wat 65 ba. Amma manyan, waɗanda masu tace bidiyo ke nema, wani abu ne daban. Intel Core i9-13900K, wanda ya fito a 2022, yana iya jan wat 253 in aiki ya yi nauyi. Ryzen 9 7950X na kamfanin AMD yana kai wat 230. Ka tuna ƙwan lantarkin nan na da mai wat 100, wanda ba ka iya taɓa shi da hannu in ya jima a kunne? To ka haɗa zafin biyu da rabi ka cusa cikin akwatin ashana. In ba a kwashe wannan zafi da sauri ba, furosesa na kai iyakarsa, digiri 100 ga wancan na Intel, 95 ga na AMD, daga nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Aikin da zai ƙare cikin minti 20 sai ya ja, mai biki yana tsaye a ƙofa yana jiran kayansa.

Abin da na'urar ruwa ke yi shi ne abin da lagireton mota ke yi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru ke ce wa radiyatar. Akwai farantin jan ƙarfe da ake ɗaurawa a kan furosesa, ruwa na bi ta cikinsa yana ɗebe zafi. Ƙaramin famfo na tura ruwan ta tiyo zuwa lagireto, fankoki su hura iska ta cikin lagireton, ruwan ya huce ya dawo. Shi ke nan. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: kilo ɗaya na ruwa na ɗaukar kusan ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska ke ɗauka, kuma ka san kilo ɗaya na iska wuri mai yawa yake ci.

Amma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma a nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Da ka ji an ce ruwa, sai ranka ya tafi ga randa, ko salkar da ke rataye a jikin jaki, wadda ruwanta ke yin sanyi ƙarara ko da rana ta take. Me ke sa ruwan salka sanyi? Gumin da take yi ne. Ruwa na tsatsowa ta fata, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan salka ke fin iskar da ke kewaye da shi sanyi, shi ya sa kuma salkar ke raguwa ko ba a sha ba. Ruwan kwamfuta a rufe yake ruf, ba ya gumi. Don haka ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Hasali ma kullum yana ɗara ta zafi, sau da yawa da kamar digiri 10 in aiki ya kankama. Shi ɗan dako ne kawai: ya ɗauki zafi daga kan furosesa ya kai bakin lagireto ya miƙa wa iskar ɗaki. In iskar ɗakin ita ma tana ci, dako ya zama wahala.

Ka ga ke nan duk alƙaluman da yaronka ke gani a bidiyon Turawa masu gwada waɗannan na'urori, a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 ake ɗaukarsu. Mu kuwa a watan Afirilu da Mayu, daga Yamai zuwa Sakkwato zuwa Injamena, zafin rana na haura 40, balle shagon kwano marar silin da ke kallon yamma. Duk lambar da suka nuna, ka ɗora mata 15 ko 20, ita ce taka. In ɗakinka na 42, ruwan zai kai 52 ko fiye, alhali sanannen famfon nan da ake kira D5 iyakar zafin ruwan da aka yarje masa digiri 60 ne. Tazarar ba ta da yawa. Saboda haka kafin a yi maganar wace na'ura, a fara da shagon. A sa silin, ko da na tabarma ko zana ne. A buɗe taga biyu masu kallon juna. A ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango. Wallahi kuɗin silin ya fi kuɗin lagireto na biyu amfani, kuma yaron da ke zaune a ciki ma zai sa maka albarka.

Yanzu mu zo ga ire-irensu. Akwai wadda ke zuwa a rufe daga kamfani, masu sayarwa na ce mata AIO. Famfo da faranti da tiyo da lagireto duk a haɗe, ruwa na ciki, kai dai ɗaurawa kawai. Ba a buɗe ta, ba a ƙara mata komai. Ruwanta na raguwa kaɗan-kaɗan ta jikin tiyo a tsawon shekaru, kuma ran da famfonta ya mutu sai a cire ta gaba ɗaya a sa wata. Masu kyau cikinsu garantinsu shekara 5 ne ko 6, wannan ma ya ba ka hasken tsawon ranta. Akwai kuma wadda mutum ke haɗawa da kansa ɗaya bayan ɗaya: ya sayi famfo daban, tanki daban, lagireto daban, ya yanka tiyo ya ɗaura. Ta fi kowacce ƙarfi da tsada, ta kuma fi kowacce son kulawa.

Wadda mai haɗa kwamfutar nan ya faɗa wa Baba tana tsakaninsu. Tana zuwa a haɗe da ruwanta kamar ta farko, amma an yi ta da kaya irin na ta biyu, yadda za a iya kwance ta, a ƙara ruwa, a sauya tiyo, a jona lagireto na biyu, ko a jona katin hoto. Katin hoto shi ne ɗaya abin da ke zafi a cikin kwamfutar masu bidiyo, wani lokaci ma ya fi furosesa: RTX 4070 na cin wat 200, RTX 4090 kuwa 450. Kamfanin Swiftech na Amurka ya fito da irin wannan mai suna H220 a 2013. EK na ƙasar Sulobeniya ya fito da Predator a 2015. Alphacool na Jamus ya fito da Eisbaer a 2016, mai wani mahaɗi a tsakiyar tiyo da ake cirewa a mayar, yana toshe kansa da kansa kada ruwa ya zuba. Sun kuma yi abokinsa na katin hoto mai suna Eiswolf, wanda ke zuwa da ruwansa, ka cire mahaɗi ka jona su kamar yadda ake jona tirela da kan mota.

Magana ce mai daɗin ji. Amma ga tambayar da nake so ka yi wa yaronka, ku biyu, ba a gaban mai shago ba: yaushe za ka ƙara, kuma me za ka ƙara? In ya ce katin hoto kaza, bayan sallah in kuɗin bukukuwa sun shigo, to akwai magana. In kuwa ya ce ai ko da wata rana, to ka sani kana biyan kuɗin ƙofar da wataƙila ba za a taɓa buɗewa ba. Ni a ganina mafi yawan masu sayen irin wannan ba sa ƙara mata komai har ta tsufa. Akwai kuma wani tarko: farantin ruwa na katin hoto ba ya shiga kowane kati. Kowane samfuri da nasa, kai har kati iri ɗaya daga kamfanoni biyu kan sha bamban a shimfiɗar cikinsa. In yaro ya sayi kati bana, ya tashi neman farantinsa bayan shekara uku, zai iya tarar da an daina yin sa. Kuma ɗaura farantin sai an kwance fankokin katin gaba ɗaya, abin da kan iya ɓata garantinsa.

Kada kuma a ce maka ruwa ko ƙonewa, babu na uku. Akwai manyan na'urorin iska, irin su Noctua NH-D15 ko Thermalright Peerless Assassin, tulin siraran faranti da fanka biyu. Abin dariya ma, su kansu akwai ɗan ruwa a cikin bututun jan ƙarfensu, a toshe, yana tafasa yana komawa ruwa yana kai zafi sama, ba famfo ba komai. Abin da zai iya mutuwa a jikinsu fanka ce kaɗai, ita kuwa ko a Maraɗi ko a Garwa za ka samu madadinta. Ga furosesa matsakaici, irin su Core i5 ko Ryzen 5 da Ryzen 7, wannan ta ishe shi har da saura. Ko babban ma ana iya shiga saitinsa a rage masa cin wuta, AMD na da abin da suke kira Eco Mode don haka, zafi ya sauka sosai, gudun da za a rasa kaɗan ne. Wanda ke aiki da sola ko janareto ya ci riba biyu ke nan. In shagon yaronka turin finafinai ne da buga takardu da ɗan gyaran hoto, Baba, rufe lalitarka, ba ka bukatar ruwa. In laftof ce, ko ƙaramar kwamfutar ofis ta gwanjo, maganar ma ba ta taso ba, babu wurin da za a ɗaura ta.

To amma a ce aikin mai nauyi ne da gaske, bidiyo ake fitarwa safe da yamma, babban furosesa ne, kuma an tsai da shawara za a ƙara katin hoto. Me za ka duba?

Fara da ƙarfen da aka yi lagireton da shi, don a nan ne asara ta fi afkuwa. Farantin da ke kan furosesa kusan kullum jan ƙarfe ne. Lagireto kuwa ko jan ƙarfe da tagulla, ko alminiyam. In jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a ruwa ɗaya, sai alminiyam ya fara cinyewa a hankali, kamar yadda batir ke cin kansa. Dusar da yake zubarwa ta bi ruwa ta toshe 'yan siraran hanyoyin da ke cikin farantin, waɗanda ba su kai kaurin allura ba, daga baya lagireton ya huje. Za ka ce, ai yawancin rufaffun nan lagiretonsu alminiyam ne kuma suna aiki. Gaskiya ne, amma ruwansu an haɗa shi da maganin hana cin ƙarfe, aka toshe, shi ya sa ba a so a buɗe su. Wadda za a riƙa buɗewa ana ƙara ruwa ana jona wasu kaya, dole duk abin da ruwa ke taɓawa ya zama dangi ɗaya: jan ƙarfe, tagulla, ko jan ƙarfe mai rufin nikel. Na taɓa gani da idona a wani shago a wani garin kan iyaka. Mai gyara ya samo tsohon lagireton alminiyam daga wata matacciyar na'ura ya jona wa mai jan ƙarfe, ya cika da ruwan burtsatse. Ba a rufa shekara ba kwamfutar ta fara kashe kanta. Da aka kwance farantin, abin da ke ciki sai ka ce kunun kanwa. Kada fenti ya ruɗe ka, dukansu baƙi ake shafa musu. Karanta jikin kwali, in kuma babu kwali ɗaga ka ji: na jan ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi sosai. EK ma sun taɓa yin wani saiti mai suna Fluid Gaming wanda komai nasa alminiyam ne. Shi kaɗai lafiyarsa lau, amma ba a haɗa shi da kayan jan ƙarfe.

Sai bakin da tiyo ke shiga. Kayan ruwan kwamfuta na da zaren noti guda da kusan kowane kamfani ke bi, ana rubuta shi G1/4. In ka ga wannan a kwali, kayan wani kamfani za su shiga na wani. In kuwa tiyon a manne yake, ba abin kwancewa, to ko me mai sayarwa ya ce, rufaffiya ce. Wasu suna da ɗan ramin ƙara ruwa kawai, wannan ba shi ne ake iya ƙara mata kaya ba, a bambance. Shi kuma mahaɗin nan mai toshe kansa, na wani kamfani ba ya shiga na wani, sai ka san inda za ka samu abokinsa tun kafin ka saya.

Famfo shi ne zuciyar abin. Ɗan ƙaramin da ke zuwa a kan farantin ya isa ya juya ruwa tsakanin furosesa da lagireto ɗaya. In ka ƙara katin hoto da lagireto na biyu da mahaɗai, hanya ta yi tsawo ta yi ƙunci, kamar ka ce jakin da ke jan guga a rijiya gaba goma ya ja a mai gaba talatin. Shi ya sa wasu farantan katin hoto ke zuwa da nasu famfon, su zama biyu suna taimakon juna. Hakan na da wani amfani: in ɗaya ya tsaya, ɗayan na riƙe da ruwa kafin a farga. Manyan famfunan da aka sani su ne D5 da DDC. D5 ya fi girma, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne mai ƙarfin turi, amma jikinsa na zafi, yana son iska. A irin yanayinmu ni D5 zan zaɓa in akwai wuri. Ka tambaya kuma: in famfon nan ya mutu, ana sayar da shi shi kaɗai? In amsar a'a ce, to sunan ƙari kawai ta ɗauka.

Lagireto ana auna shi da yawan fankokin da yake ɗauka. Mai fanka ɗaya 120, mai biyu 240, mai uku 360, akwai kuma masu manyan fankoki, 280 da 420, duk da milimita. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce gurbin fanka ɗaya ga kowane abu mai zafi, a ƙara ɗaya a kai. Wannan ƙa'ida an yi ta ne lokacin da kaya ba su kai na yanzu cin wuta ba, kuma a ƙasashen sanyi. Furosesa mai wat 250 da kati mai 200 sun ba ka 450, kusan rabin zafin dutsen guga na lantarki, yana hurawa awa da awanni. A nan wurinmu kar ka yi ƙasa da 360 ga babban furosesa shi kaɗai, in kati zai shigo a ƙara wani 240 ko 360. Wannan ya kawo mu ga abin da ake yawan mantawa, wato akwatin kwamfutar. Na ga wanda ya sayi komai ya zo gida lagireto ya ƙi shiga, ya bar murfi a buɗe, lagireto na reto a waje da igiyar roba. A ɗauki awo tun a kasuwa, tsawo da kauri, a tabbata akwai gurbin na biyu. Wadda ake iya ƙara mata kaya a cikin akwatin da ba shi da wuri, ai an yi ba a yi ba.

Wajen ɗaurawa, famfo kada ya zama shi ne mafi tsawo a cikin akwatin. Duk inda ruwa yake a rufe akwai 'yar iska, ita kuwa sama take nema. In famfo ne a sama, iskar ta taru a cikinsa, ya riƙa ƙara kamar mai kurkure baki, ya ci kansa. Lagireto a saman akwati shi ya fi. Sannan a duba ƙafafun ɗauri su dace da mazaunin furosesa. Na Intel na yanzu LGA1700 ne da LGA1851, na AMD kuwa AM4 da AM5. Tsohuwar na'urar da aka yi kafin 2021 ba za ta zo da ƙafafun LGA1700 ba sai an nemo daban. Kuma don Allah a ɓare 'yar ledar da ke manne a ƙasan farantin kafin a shafa man a ɗaura. Kuna dariya, amma ƙwararru ma sun sha mantawa.

Ruwan da za a zuba fa? Ba na rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba na leda da ake sha ba. Duk suna da gishiri da kanwa a ciki, irin farin da ke kamawa a gindin butar shayi. Tataccen ruwa ake so, wanda aka tafasa aka tara tururinsa, a haɗa da maganin hana gansakuka da cin ƙarfe, ko a sayi haɗaɗɗe na kwalba da kamfanonin ke yi. Wanda zai nema wurin masu batir ya yi hattara ƙwarai: akwai tataccen ruwan ƙara wa batir, akwai kuma ruwan batir mai asid, kuma a baki duk ruwan batir ake ce musu. Na biyun in ya shiga, an gama. Ka guji ruwan nan mai kauri kamar madara, mai launi, da ake sawa don ado, yana kwantawa ya toshe hanya, zafi kuma na gaggauta shi. Haka bututu mai tauri mai kama da gilashi, wani irinsa na laushi in ruwa ya yi zafi ya zame daga mahaɗi. Baƙin tiyon roba ba shi da kyan gani, amma shi ne na garinmu. Ana sauya ruwa kamar sau ɗaya a shekara. In ka san ba a samun ruwan a inda kake, sayi kwalba biyu tun farko.

Tsoron Baba na yoyo kuwa yana kan hanya. Ko manyan kamfanoni abin na samunsu: a farkon 2016 EK sun janye Predator daga kasuwa saboda wani zoben roba da ke sa ta ɗiga, suka gyara suka sake fitarwa. Su can an mayar wa mutane kuɗi ko an sauya musu. Kai da ka sayo a Kwatano ka haye iyaka biyu, wa za ka mayar wa? Don haka duk lokacin da aka buɗe aka ƙara wani abu, a gwada kafin a ba sauran kwamfutar wuta. A kunna famfo shi kaɗai, a shimfiɗa farar takarda mai shan ruwa ƙarƙashin kowane mahaɗi, a bar shi ya kwana yana juyawa. Da safe in takarda a bushe take, bismilla. In mai haɗawar ya ce ba ya bukatar wannan gwaji don shi gwani ne, nemi wani.

Ƙura ita ce ɗaya abokiyar gabar. Lokacin hunturu lagireto na toshewa kamar an liƙa masa bargo, kuma mai ruwa da mai iska duk ɗaya ne a nan. A sa rariyar ƙura a inda iska ke shiga, a riƙa hure lagireto da abin hura iska duk mako biyu ko uku in hazo ya sauka, kwamfuta a kashe, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Lagireto mai yalwar tsakani ya fi mai matsattsun faranti sauƙin sharewa.

Ku kuma 'yan kasuwa masu tambayar abin da za ku ɗauko, ga tawa shawarar. Kaya mai tafiya shi ne manyan na'urorin iska da rufaffun 240 da 360 sababbi. Masu ƙarin nan ku ɗauko kaɗan, ko ku bari sai an yi oda, kuma duk wanda ya ɗauko su ya haɗo da ruwansu da tiyo da mahaɗai da zoben roba, don mai saye wurinka zai dawo, kuma a nan cinikin yake. Na gwanjo ku yi taka-tsantsan. In kun ga H220 ko Predator cikin dila, ku tuna shekarun da na faɗa, robobinsu sun tsufa ko da fentin na ƙyalli. Girgiza lagireton kusa da kunne: in ka ji ruwa na kaɗawa sosai kamar gora rabi, ya ragu. Duba bakin mahaɗai, in akwai fari ko kore a bushe, ta taɓa ɗiga. Kada ku bar kwalayen a saman mota rana na dukansu kwana da kwanaki.

Wanda kuma zai ɗauki kwamfutar da aka riga aka haɗa, daga Kano zuwa Damagaram ko daga Marwa zuwa Kusiri, kada ya ɗora ta tsaye a bayan babur ko a but ɗin mota haka nan. A zare katin hoto a naɗe shi daban. In babbar na'urar iska ce, nauyinta ya haura kilo, gargada na iya sa ta fizge allon da take kai, sai a kwance ta ko a kwantar da akwatin ta yadda nauyin zai zauna a kan allon. In mai tanki ce, a juye ruwan kafin tafiya. In an isa, kada a yi ɗokin kunnawa: a buɗe murfi, a bi kowane mahaɗi da yatsa a ji ko da danshi, a sake gwajin takardar nan, sannan a ba ta wuta.

Baba, a gaida mutanen ruga, Allah ya sa wa shagon yaro albarka. Masu tambaya kan batir da farantan sola na shago, mun ga saƙonninku, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.